Da Wane Mudu Za A Auna Cin Gaban Masana'antu?

A zamanin nan da wuya ka sami babban kamfani mai ƙera kaya, a Turai ko a Amurka ko a ƙasashen Gabas, wanda shugabanninsa ba su cewa sun mai da aikinsu bisa kwamfuta da intanet. Su kan rubuta haka cikin rahotonsu na shekara, su faɗa wa masu hannun jari, su faɗa wa banki sa'ad da su ke neman rance, su faɗa wa Gwamnati sa'ad da su ke neman taimako. To, faɗa ba wuya. Wuyar ita ce a san iyakar gaskiyar maganar, watau ko kamfanin ya yi nisa cikin tafiyar, ko kuwa yanzu ya ke ɗaura takalmi. Wanda zai ba da kuɗinsa yana da hakkin ya sani. Ma'aikacin da za a sake wa aiki, ko a sallame shi, yana da hakkin ya sani. Shi kansa mai kamfanin ya fi kowa bukatar sani, domin wanda bai san inda ya ke tsaye ba ba shi da hanyar sanin inda zai sa ƙafa.

Sabo da haka masana na ƙasashe dabam dabam suka tashi suna ƙaga ma'aunai. Nufina in bi manyan ma'aunan nan ɗaya ɗaya tare da ku, malaman makaranta da akawunan ofis, tun da ya ke awo da ba da maki da riƙon littafin lissafi aikinmu ne na kullum. Ra'ayina kuwa ba zan ɓoye shi ba tun daga farko. Mudun ƙwarai shi ne wanda ya ke auna abin da ma'aikatar ta iya yi da injunanta, ya nuna tsawon lokacin da ta kan ɗauka daga aukuwar ɓarna zuwa gyaranta. Ya kamata baƙo ya yi awon, kada kuwa a rataya wa makin lada. Ga dalilaina.

Abin da a ke aunawa

Kafin a auna abu sai an san shi. Cikin shekarar 2011, wajen babban taron nuna injuna da a kan yi a birnin Hanoba na ƙasar Jamus, waɗansu masanan Jamus suka fito da wani suna, Masana'antu 4.0. Lissafinsu shi ne, an riga an yi manyan sauye-sauye uku cikin sana'ar ƙera kaya. Na fari zuwan injin tururi wajen ƙarshen ƙarni na 18. Na biyu zuwan wutar lantarki da ƙera kaya jere da jere masu yawan gaske. Na uku shigar kwamfuta cikin injuna tun wajen shekarar 1970. Na huɗu, wanda a ke ciki yanzu, shi ne a haɗa injunan da juna, a haɗa su da ofis da ɗakin ajiya da masu kawo kaya da masu saye, har labari ya riƙa gudana tsakaninsu ba sai wani masinja ya ɗauki takarda daga wannan tebur zuwa wancan ba.

Mu ɗauki misalin masaƙa. A kan maƙala wa kowane injin saƙa waɗansu 'yan ƙananan na'urori masu jin zafinsa da girgizarsa, masu ƙidaya yadin da ya saƙa da sau nawa zare ya tsinke. Duk abin da suka ji su kan aika wa kwamfuta nan take. Manaja yana zaune a ofis zai ga injin da ya tsaya, akawun ɗakin ajiya zai ga zaren da ya rage, mai kula da ciniki zai san ranar da zai iya cika wa mai saye alkawari. Wannan shi ne sauyin da a ke magana. Tambayar ita ce, yaya za a san kamfani kaza ya kai rabi, kamfani kaza kuwa bai wuce bakin ƙofa ba?

Mudu na fari: ƙidayar kaya

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙidaya abin da ido ya gani: kwamfutoci nawa, mutum-mutumin ƙarfe masu aiki da kansu nawa, kuɗi nawa aka kashe. Akwai wata ƙungiya ta duniya a birnin Farankfot da ke yin irin wannan ƙidaya kowace shekara. Bisa ga lissafin da ta fitar cikin 2024 game da shekarar 2023, a cikin kowane ma'aikata 10,000 na masana'antu, Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumin ƙarfe 1,012, Singafo tana da 770, Jamus tana da 429, matsakaicin duniya kuwa 162.

Lissafin nan yana da amfaninsa, amma mai hankali zai karanta shi da lura. Koriya ta yi fice ne sabo da manyan sana'o'inta biyu, ƙera motoci da ƙera kayan lantarki, su ne suka fi kowace sana'a cin irin waɗannan injuna. Singafo kuwa 'yar ƙaramar ƙasa ce, ma'aikatan masana'antunta kaɗan ne, ko akawu sabon ɗauka ya san in abin da a ke rabawa da shi ƙarami ne, amsa ta kan fito babba. Sa'an nan lissafin bai faɗi kome ba game da ko injunan suna aiki ko suna kwance an lulluɓe su da tamfol. Kowane malami ya san makarantar da ta fi yawan bencina da alluna ba lalle ne ta fi yawan yara masu iya karatu ba.

An gwada wannan da kuɗi masu yawa a Amurka. Cikin shekarun 1980 kamfanin General Motors, ƙarƙashin shugabansa Roger Smith, ya zuba dubban miliyoyin daloli wajen sayen sababbin injuna don ya kamo kamfanonin Japan. Cikin 1985 ya buɗe wata ma'aikata a Hamtramck, kusa da birnin Detroit, cike da mutum-mutumin ƙarfe. Jaridun lokacin sun ba da labarin injunan fenti suna fesa wa juna fenti maimakon mota, aiki yana tsayawa sa'o'i ana neman mai gyara. A daidai wannan zamani, kamfanin ya haɗa gwiwa da Toyota suka sake buɗe wata tsohuwar ma'aikatarsa a Fremont, jihar Kalifoniya, cikin 1984, wadda ya rufe tun 1982 tana da mugun suna wajen rashin zuwa aiki da rashin ingancin mota. Aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan, injunan kuwa ba su kai na Hamtramck zama na zamani ba. Abin da aka sake shi ne tsarin aiki: aka horar da mutane, aka ba kowane lebura ikon jan igiya ya nemi a tsai da aiki in ya ga aibu. Ba a daɗe ba motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci cikin dukan ma'aikatun kamfanin. Da an auna ma'aikatun nan biyu da mudun ƙidayar kaya, da Hamtramck ta ɗauki na ɗaya. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan ba sabon abu ba ne cikin tarihi. Edison ya buɗe tasharsa ta wutar lantarki a birnin New York cikin 1882, amma har wajen 1900 ƙarfin lantarki bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ke juya injunan masana'antun Amurka ba, ribarsa kuwa ba ta fito fili ba sai cikin shekarun 1920. Wani masanin tarihin tattalin arziki, Paul David, ya bayyana dalili cikin 1990. Masu ma'aikatu na farko sun cire injin tururi ne kawai, suka sa babban injin lantarki guda a gurbinsa, suka bar dogon sandan ƙarfen nan da belolin da ke juya sauran injuna yadda su ke. Sai da aka ba kowane inji ɗan motarsa, aka sake jera injuna bisa ga yadda aiki ke bi, aka sake gina ɗakunan, sa'an nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Haka kuma cikin 1987 Robert Solow, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a shekarar, ya lura ana ganin kwamfuta ko ina amma ba a ganin alamarta cikin lissafin yawan abin da ma'aikaci ke samarwa. Ashe sayen inji aikin yini guda ne, sake tsarin aiki kuwa na shekaru.

Mudu na biyu: hawa hawa

Da masana suka ga gazawar ƙidaya, sai suka koma ga wata dabara wadda mu malamai muka sani sarai, watau raba tafiya aji aji. Cikin 2017 majalisar masanan fasaha ta ƙasar Jamus, wadda a ke kira acatech, ta fitar da ma'auni mai hawa shida, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Günther Schuh na birnin Aachen da abokan aikinsa.

Hawa na 1, akwai kwamfutoci amma kowace tana aiki ita kaɗai. Hawa na 2, an haɗa su suna aika wa juna labari. Waɗannan biyu share fage ne kurum. Hawa na 3, ma'aikatar tana ganin abin da ke faruwa cikinta a daidai lokacin da ya ke faruwa. Hawa na 4, ta san dalilin da ya sa ya faru. Hawa na 5, tana iya hangen abin da zai faru, kamar ta san ƙarfe kaza zai karye nan da mako biyu. Hawa na 6, tsarin da kansa ya ke ɗaukar matakin gyara, ya sake jerin aiki ko ya yi odar kayan gyara ba da jiran umurni ba. A kowane hawa kuma ana duba abu huɗu: kayan aiki da mutanen da ke riƙe da su, hanyoyin tattara labari, tsarin shugabanci, da halin ma'aikata, watau ko su kan faɗi kuskure ko su kan ɓoye shi.

Abin da ya fi burge ni cikin wannan ma'auni shi ne tushen da aka gina shi a kai. Masu shi sun ce tsakanin aukuwar abu da maganinsa akwai jinkiri iri huɗu: jinkirin samun labari, jinkirin gane sanadi, jinkirin yanke shawara, da jinkirin aikata abin da aka yanke. A ce wani inji ya fara fid da yadi mai aibu da ƙarfe goma na safe. In ba a gani ba sai mai duba kaya ya zo da la'asar, jinkiri na fari ke nan. In aka kwana biyu ana gardama ko laifin zare ne ko na inji, na biyu ke nan. In aka gane, amma sai an jira manaja ya dawo daga tafiya kafin a sa hannu, na uku ke nan. In aka sa hannu amma kayan gyara sai an yi wata suna bisa hanya, na huɗu ke nan. Duk tsawon lokacin nan yadi yana lalacewa. Kwamfuta tana iya gajarta na fari da na biyu ƙwarai, amma na uku yana hannun mutane. Ma'aikatar da labari ke isa ofis cikin daƙiƙa guda, sa'an nan ya kwana bakwai cikin fayil yana jiran sa hannu, ta sayi doki ne ta ɗaure shi a turke.

Da aka gwada ma'aunin nan kan kamfanoni, rahoton da aka fitar cikin 2020 ya nuna mafi yawansu suna hawa na 2 ne, ƙalilan ne suka taka na 3. Ku duba fa, shekara tara ke nan bayan taron Hanoba, ga kuma yawan surutun da aka sha yi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna amfanin awo, domin ya raba abin da a ke faɗa da abin da a ke yi.

Ƙasar Singafo ita ma ta fito da nata cikin watan Nuwamba 2017, ta hannun Hukumar Raya Tattalin Arzikinta tare da kamfanin binciken inganci na Jamus, TÜV SÜD. Ana kiransa SIRI a taƙaice. An kasa shi gida uku, tsarin aiki da fasaha da mutane, aka fid da fannoni 16, kowane fanni ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. Yana da kyau biyu da ya kamata a yaba. Na fari, akwai horarrun masu awo da kan je ma'aikatar da kansu, su zagaya, su yi wa ma'aikata tambayoyi. Na biyu, cikin 2019 aka ƙara masa wata hanya ta zaɓe, wadda ke duba inda kuɗin kamfanin ya fi tafiya da abin da ya fi so ya gyara, ta fid da masa 'yan fannonin da ya kamata ya fara da su, don kada ya ce zai ɗauki goma sha shida gaba ɗaya. Cikin 2022 Majalisar Tattalin Arziki ta Duniya ta fitar da sakamakon kamfanoni wajen 600 daga ƙasashe 30, inda masu ƙera 'yan ƙwayoyin kwamfuta da kayan lantarki da magunguna suka zo kan gaba.

Amma fa akwai abin lura. Cikin fannonin nan 16, tara na fasaha ne, uku na tsarin aiki, huɗu kaɗai na mutane. Duk wanda ya tara makin ya raba da 16, ya ce ga matsayin kamfani, ya ba injuna rinjaye ba tare da ya sani ba. Kowane malami ya san yaron da ya ci 90 a lissafi ya ci 10 a karatu, matsakaicinsa 50 ne, daidai da yaron da ya ci 50 a kowanne, alhali kuwa ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. Sa'an nan ba kowace ma'aikata ce ke bukatar hawa na ƙoli ba. Mai ƙera magani, wanda kuskure kaɗan zai iya kashe rai, bukatarsa dabam da ta mai yin bulo. In mai bulo ya tsaya a tsakiya yana cin riba, ba a ce ya faɗi jarrabawa ba.

Mudu na uku: abin da ya fito

Akwai wani tsohon lissafi da wani Bajapane, Seiichi Nakajima, ya yaɗa tun kafin wannan zamani, wanda a ganina bai kamata a rabu da shi ba. Tambaya uku ya ke yi wa kowane inji. Cikin lokacin da aka tsara masa, nawa ya yi yana aiki? Sa'ad da ya ke aiki, ya yi gudun da aka ƙera shi ya yi? Cikin abin da ya fitar, nawa ne mai kyau? Sai a buga amsoshin uku da juna. A ce an tsara wa inji sa'a 8, ya yi 6, kashi 75 ke nan cikin 100. Ya yi gudu kashi 80 na ƙarfinsa. Cikin kaya goma tara ne masu kyau, kashi 90. In ka buga 75 da 80 da 90 bisa ɗari, za ka sami kashi 54. Watau kusan rabin abin da aka biya kuɗi dominsa ya zube ƙasa, ko da ya ke kowane ɗaya daga cikin alƙaluman uku, in ka dube shi shi kaɗai, ba ya da muni sosai. Nakajima ya ɗauki kashi 85 a matsayin abin da ma'aikata ta ƙwarai za ta nema.

Yaron da ya gama firamare zai iya wannan lissafi da fensir. Amfaninsa kuwa shi ne ya zama shaida a kan mudu na biyu. In kamfani ya ce bara yana hawa na 2, bana ya hau na 3, sai a tambaye shi: to, 54 ɗin nan ta motsa? Kwanakin da mai saye ke jira sun ragu? Wutar da a ke ci kan kowane yadi ta ragu? In duk ba abin da ya motsa, hawan nan a takarda aka yi shi.

Wa zai riƙe mudun?

Cikin 2015 ƙungiyar masu ƙera injuna ta Jamus ta sa wata takardar tambayoyi a intanet wadda kamfani zai cika da kansa ya ga matsayinsa. Ba laifi ba ne don buɗe ido, kuma ba ta da tsada. Amma ba malamin da zai ba yaro takardar jarrabawarsa ya ce ya duba da kansa, sa'an nan ya aika da makin hedkwata. Ko manaja mai gaskiya ne, ya kan amsa bisa ga ɗakin da ya fi kyau cikin ma'aikatarsa, ya manta da sauran. Mai ɗaki ya san inda ke masa yoyo, gaskiya ne, amma ba kullum ya ke son nuna wa baƙo wurin ba. Sabo da haka ne a ke kiran odita daga waje ya duba littafin baitulmali, ko da ma'aji amintacce ne. Sai dai a tabbata baƙon nan ba shi ne kuma mai sayar da injunan ba, domin wanda ke da haja a jaka ba zai rasa gano maka ciwon da hajarsa ke magani ba.

Haɗari mafi girma kuwa shi ne a rataya wa maki kuɗi. Mu masu aikin ilmi muna da tsohon darasi a kan wannan. Cikin 1862, a Ingila, Robert Lowe ya kawo dokar biyan makarantu gwargwadon sakamako. Aka raba yara aji shida. Kowane yaro makaranta ta kan sami sule 4 sabo da zuwansa, da sule 8 in ya ci jarrabawar sufeto a karatu da rubutu da lissafi, a kan zaftare sule 2 da kwabo 8 kan kowane darasin da ya faɗi. Me ya biyo baya? Malamai suka koma sa yara haddar littafin da sufeto zai yi tambaya a ciki, har yaro ya riƙa "karantawa" ba ya duban shafi. Aka yi watsi da darussan da ba a biya a kansu. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar tsarin, kafin ƙarshen ƙarnin kuma aka rushe shi. Cikin 1975 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura da irin wannan a sha'anin kuɗi: da zarar hukuma ta mai da ma'auni abin da a ke kora mutane su cim masa, ma'aunin ya kan daina faɗin gaskiya.

Gwamnatoci da dama yanzu suna da ma'aunansu. Malesiya ta kafa nata cikin 2018, ta sa awon ya zama ƙofar da ƙananan kamfanoni za su bi kafin su nemi taimakon kuɗi, Indonesiya kuma ta fito da nata cikin 2019. A sa awo ya zama ƙofa ba laifi ba ne, domin likita ma ya kan duba majinyaci kafin ya rubuta magani. Inda ɓarna za ta shigo shi ne ranar da wata hukuma ta ce sai mai maki kaza zai sami rance ko kwangila ko lambar yabo. Ran nan kamfanoni za su koyi haddar amsoshi, su sayi manyan allunan lantarki su rataya a bango don ranar zuwan mai awo.

Wani zai ce, in haka ne a bar awon mana, tun da ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, tsohon manaja kuma ya san ma'aikatarsa ba sai an ba shi maki ba. Akwai gaskiya cikin wannan, musamman ga ƙaramin kamfani wanda kuɗin mai awo zai yi masa nauyi. Amma ido ya kan saba da abin da ya ke gani kullum har ya daina ganinsa. Kuma idon manaja ba ya gadonsa: ran da ya bar aiki ya tafi da ƙimarsa, wanda ya gaje shi ya fara daga farko. Abin da aka auna aka rubuta shi ne kaɗai za a iya gwada shi da na baɗi.

Abin da ya shafe mu

Ma'aunan nan an ƙaga su ne a Jamus da Singafo, inda ba a tambayar ko akwai wuta. Cikin fannoni 16 na Singafo babu wanda ke tambayar sa'a nawa lantarki ya zauna yau. Wanda zai ɗauko su ya auna masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa a Kano, inda da yawa suka dogara ga janareta, lalle ya fara da wannan tambaya, domin na'urar da ke aika labari ba ta da amfani sa'ad da injin da ta ke ba da labarinsa ya ke a tsaye. A nan ma lissafin Nakajima ya fi dacewa da farawa, gama tambayarsa ta fari ita ce ta lokacin da inji ya yi yana aiki.

Akwai kuma abin da ke wuyanmu, mu malamai da akawuna. Dukan ginin nan, daga hawa na 1 har na 6, yana tsaye ne bisa abu guda, watau a rubuta abin da ya faru yadda ya faru, a lokacin da ya faru. Kwamfuta ba ta gyara ƙarya, sai dai ta yaɗa ta da sauri. Akawun da ya saba cika littafin mako guda ran Jumma'a daga ƙwaƙwalwarsa, in an ba shi kwamfuta haka zai yi. Yaron da ya ga malaminsa yana sa alamar zuwa ga wanda bai zo ba, don rajista ta yi kyau ran zuwan sufeto, ya koyi darasin da zai tafi da shi ma'aikata. Yaron da aka koya wa auna abu da kansa, ya rubuta abin da ya samu ko da bai yi daidai da na littafi ba, ya kuma faɗi kuskurensa ba da tsoron bulala ba, shi ne ma'aikacin da masana'antun nan ke nema.

Sabo da haka, duk wanda aka kawo wa takarda aka ce kamfani kaza ya ci maki kaza wajen aikin zamani, shawarata ya yi tambaya huɗu kafin ya sa hannu. Wa ya yi awon, kuma me zai samu in makin ya yi sama ko ya yi ƙasa? A kowane fanni nawa aka ci, ban da jimla? Daga aukuwar ɓarna zuwa gyaranta sa'a nawa ne bara, sa'a nawa ne bana? Kaya masu kyau da ke fita ƙofa sun ƙaru, ko suna nan yadda su ke? Kamfanin da ya amsa waɗannan da alƙaluma, ya kuma yarda a buɗe littattafansa a gani, a ba shi kuɗin ko da makinsa 2 ne. Wanda ya amsa da nuna hoton injuna, a ce ya dawo baɗi da littafinsa.